Kason Abokin Hulɗa

Duk wanda ya san Darakta a shekarun da hotonsa ke kan allunan talla, yana murmushi ya harɗe hannuwa a ƙirji, ba zai yarda shi ne mutumin da yau yake canza hanya idan ya hango tsohon ma'aikacinsa ba. Ni na san shi tun kafin allunan, na kuma ga abin da ya biyo baya. Ku gyara zama. Labarin ba na dariya ba ne, ko da yake da dariya ya faro.

Su biyu mahaifiyarsu ta haifa, shi da ƙanensa. Ƙanen shi ne mai hannu. Tun yana yaro ba a barin rediyo kusa da shi, sai a dawo a tarar da hanjin rediyon a waje. Ya yi karatu ya zama injiniya, sunan ya bi shi har cikin gida, har Mama ma Injiniya take kiransa. Yayan kuwa baki aka ba shi. Idan ya yi maka tallar ruwan famfo sai ka rantse ba ka taɓa shan ruwa ba. Abokai suka laƙaba masa Darakta tun bai mallaki ko teburi ba, don tsokana, shi kuma ya karɓi sunan hannu bibbiyu.

A garejin gidan Mama suka fara. Injiniya ya ƙera ƙaramin firiji mai aiki da hasken rana, irin wanda mai kifi ko mai madara za ta ajiye a rumfarta ba sai ta jira an kawo wuta ba. Darakta ya ɗora shi a bayan tsohuwar mota ya shiga kasuwanni yana talla. Abokinsu na ƙuruciya, wanda suke kira Akawu, shi ya riƙe musu ofis. Mutum ne da ko biro ya ara sai ya dawo da ita da murfinta. A hankali suka bar gareji suka kama wani dogon shago mai rufin kwano, suka ɗauki 'yan ma'aikata. Mata a kasuwa suna sa musu albarka. 'Yar Darakta tilo, yarinya mai gardamar da ta sa ake kiranta Lauya, tana makaranta mai kyau. Kowa ya dube su sai ya ce sun samu. Darakta kaɗai ne bai gani ba.

Abin ya taso ne a wani baje kolin kamfanoni. An ba su ɗan lungu kusa da banɗaki. A tsakiyar zauren kuwa wani babban kamfani ya baje firiji irin nasu sak, an dai shafa masa fenti mai sheƙi. Wata mata mai zuba jari, wadda Darakta ya daɗe yana neman ganinta, ta tsaya a lungunsu, ta buɗe firijin ta sa hannu, ta gyaɗa kai.

"Aikinku ya fi nasu," in ji ta. "Amma ku ƙanana ne. In kun girma ku neme ni."

Bai gama haɗiye wannan ba sai ga tsohon ɗan ajinsu ya sauko daga dandamali da lambar yabo a hannu. Ya dafa kafaɗar Darakta a gaban mutane ya ce, "Har yanzu kana fama da 'yan akwatunan nan? In ka gaji ka zo, muna neman masu talla." Aka yi dariya. Darakta ma ya yi, amma kunnuwansa sun ɗauki zafi, ya ji kamar an tuɓe shi a tsakiyar zauren. Yana tattara kaya wani dillali mai kwat mai ƙyalli ya matso ya raɗa masa: "Kana da baki, ƙanenka yana da hannu. Abin da ba ku da shi, mai tsaya muku. Duk waɗannan na kan dandamali, kowa da abokin hulɗarsa da ba a gani." Ya kwatanta masa wani wuri, ya ce in zai je ya tafi da hatimin kamfani.

Washegari a shago Darakta ya ce wa ƙanensa, "Sabon firijin nan babba, mu fitar da shi watan nan."

"Yaya, batirinsa yana zafi. Ka bar ni in gwada shi har damina ta wuce."

"Damina! Kafin damina ta wuce sun gama cinye kasuwar."

"Su cinye. Ni dai ba zan ƙona wa wata rumfa ba."

Akawu ya ce, "Ku bi a hankali mana. Ba tsere muke yi ba."

"Ku ne ba kwa tsere," in ji Darakta. "Shi ya sa kullum muke kusa da banɗaki."

Da rana tsaka ya je wurin da dillalin ya kwatanta masa, ya ce wa matarsa zai ga masu sayar da ƙarfe. Wurin yana bayan tsofaffin ɗakunan ajiya, inda ake yanka matattun motoci. Shagon gyaran sikeli ne: na nama, na hatsi, na zinare, duk a rataye, suna lilo a hankali ko da yake babu iska. Mai shagon ba tsoho ba ne, ba kuma mai ban tsoro ba. Mutum ne tsaf-tsaf da tabarau da farar riga, muryarsa a kwance kamar ta ma'aikacin banki. Wannan shi ne bokan da dillalin ya turo shi wurinsa. Bai tambayi Darakta abin da ya kawo shi ba. Ya ce ya cire takalmi da agogo, ya kashe waya, sannan ya ɗaga wani labule.

Matakala ce ta gangara ƙasa. Suna sauka zafin rana yana raguwa, har gumin bayan Darakta ya koma ruwan sanyi. Ɗakin ba taga, sai fitila ɗaya mai jan haske a ƙasa. Yashi ne mai laima a daɓen, yana manne wa tafin ƙafa. Daga rufi an rataye kwaɗunan ƙofa birjik, kowanne a datse, kowanne da ƙyalle ko gashi ko guntun igiyar takalmi a bakinsa. An jera madubai a jikin bango, duk an juya musu fuska. Warin tsohon jini da na turare sun gauraye, irin warin da ke zama a maƙogwaro ya ƙi wucewa. A tsakiya wani ƙaton tulu ne baƙi wuluk, an binne rabinsa a yashi, an ɗaure wuyansa da jan zane. Raɓa tana tsattsafowa daga jikinsa, bakinsa yana fitar da siririn farin tururi, irin wanda ke fita idan an buɗe firiji.

Bokan ya zauna ya miƙe ƙafa. "Dukiya kake so ko suna?"

"Duka biyu. Kuma da wuri."

"Da wurin shi ne mai tsada." Ya nuna tulun da haɓa. "Ni ba na bayarwa, haɗawa nake yi. Shi yana da jari, kai kana da kamfani. In kun daidaita, ya shigo."

Da Darakta ya ji an zo fagensa sai ya gyara murya. "Me yake nema?"

"Kujera. Ka ajiye masa kujera a ɗakin taronku, kada kowa ya zauna a kai. Sai kuma kasonsa."

"Kashi nawa?"

"Ba ya irin lissafinku."

"Ai ba a kasuwanci haka, malam. Sai na san abin da zan bayar. Daga riba zai ɗauka?"

"Daga abin da kake da shi."

"Ni yanzu me nake da shi? Shagon haya da tsohuwar mota."

Bokan ya cire tabarau ya dube shi. "To ka ga ba ka da asara ke nan. Ba ma sai ka kai masa ba, shi zai ɗauka da kansa. Da sauran tambaya? Yanzu ne lokacinta. In ka haura matakalar nan an rufe."

Da sauran tambaya. Tana kan harshensa, ya san ta, ya kuma san amsarta ba za ta yi daɗi ba. Fuskar Lauya ta gifta masa, ta Mama ta biyo. Sai ya tuna dariyar zauren nan, ya haɗiye tambayar. Wannan haɗiyar ita ce ta fi ci masa rai daga baya. Ba yaudararsa aka yi ba. Shi ya ƙi tambaya.

"Babu," in ji shi.

Bokan ya karɓi hatimin, ya tsaga babban yatsan Darakta da reza, ya shafa jinin a fuskar hatimin ya buga a jikin tulun. Tambarin kamfanin ya fito jawur, sai yumɓun ya shanye shi. Ya fasa ƙwai a bakin tulun, ba a ji faɗuwarsa a ciki ba. Ya fara wasu maganganu ƙasa-ƙasa, kwaɗunan rufi suka shiga kaɗawa suna gugar juna.

"Sa hannunka. Ku gaisa."

Darakta ya zura hannun dama. Sanyi ya kama yatsunsa ya haura har kafaɗa. Ya laluba, babu ruwa, babu gindi. Sai wani abu daga can ƙasa ya kama tafinsa, ya matse, ya girgiza a hankali yadda ake yi in ciniki ya faɗa. Bokan ya yanki gefen rigarsa, ya sa a bakin sabon kwaɗo, ya datse, ya jefa makullin cikin tulun.

Da ya fito rana tana nan yadda ya bar ta, masu yankan ƙarfe suna ta aikinsu. Ya tsuguna bayan wata mota ya yi amai. Sannan ya goge baki ya ɗaura agogonsa.

Bai yi shawara da kowa ba ya sa aka fara ƙera sabon firijin. Injiniya ya yi magana har ya gaji, sai kuma ya ga batirin ya daina zafi, ya rasa dalili. Matar nan mai zuba jari ita da kanta ta bugo waya. Kamfanin da ya kwaikwaye su ya shiga rigimar cikin gida ya rufe. Oda ta riƙa shigowa daga garuruwan da Darakta bai taɓa jin sunansu ba. Suka tashi daga shagon kwano suka koma ginin gilashi, masana'anta a ƙasa, ofisoshi a sama. Ya saya wa Mama sabon gida, Mama ta ƙi tashi daga nata. Ɗan ajin nan ya zo neman aiki, Darakta ya bar shi ya yini a bakin ƙofa.

Aka fara gayyatarsa ya yi wa matasa jawabi. "Shugaba shi ne mai yin tsalle kafin ya ga inda zai dira," yake cewa, su kuma suna ta rubutawa. Da wata 'yar jarida ta tambaye shi game da kujerar da ba a zama a ɗakin taronsu, bakinsa ya cece shi: "Ta kwastoma ce. Duk shawarar da za mu yanke, muna tuna yana zaune tare da mu." Aka tafa. Wasu kamfanonin ma suka fara ajiye tasu. Shi kaɗai yake lura cewa in an tashi taro matashin kujerar nan a lotse yake, kamar yanzu wani ya miƙe daga kai. Hannun damansa kuwa bai ƙara ɗumi ba.

Akawu aka fara ɗauka. Ranar suna taro da baƙi masu zuba jari, ya shigo a makare yana ɗingishi, don gwiwa ta daɗe tana damunsa. Kujeru duk sun cika. Ya ja wadda ba a zama ya ce, "Kwastoma ya yi haƙuri yau, gwiwata ba ta karanta jarida." Aka fashe da dariya. Darakta ya buɗe baki. Ya dubi baƙin, manyan mutane da suka zo daga nesa, ya ga in ya daka tsawa za su ce mai camfi ne. Ya rufe bakinsa ya ci gaba da nuna musu hotuna a allo.

Da yamma mai shara ta tarar da Akawu a ofishinsa, kansa a kan teburi. Lokacin zafi ne, amma waɗanda suka ɗauke shi sai da suka naɗe hannuwansu da tsumma saboda sanyin gawar. Likita ya ce zuciya ce. A wurin ta'aziyya matar Akawu ta riƙa gode wa Darakta tana kuka: "Kullum yana cewa ba shi da ɗan'uwa kamarka." Darakta ya kasa ɗaga ido daga ƙasa. Ya ce wa kansa laifin zaman ne, ya sa aka kewaye kujerar da igiya. In an kiyaye, shi ke nan.

Mama ba ta taɓa taka ginin gilashin ba, amma ita ce ta biyu. Ana zufa ita tana neman bargo. Ranar da ya je duba ta, ta kama hannunsa na dama ta riƙe, ta daɗe tana kallonsa.

"Babba," ta ce, don haka take kiransa, "ni na haifi hannun nan. Ba haka yake ba."

"Sanyin ofis ne, Mama."

"To." Ta saki. "Ka ga ban tambaye ka komai ba. Tsoron amsar nake ji."

Ba ta ga ƙarshen makon ba.

Bayan rasuwarta ne wata mai kifi ta kawo firijinta. Ta ce iska ta fizge farantin hasken ranar tun kwanaki, abin dai bai daina sanyi ba, amma a mayar mata da farantinta. Injiniya ya ɗauka raha take. Ya buɗe baya ya cire batir, ya yanke wayoyi, har injin ya ciro ya ajiye a ƙasa. Akwati kawai ya rage. Ya ɗaga murfi, sai ga ƙanƙara tana ƙaruwa a gefe-gefe. Ya ɗauko wani daga sito ya gwada, haka. Ya sake ɗauko wani, haka. Ya sallami ma'aikata ya aika a kira masa yayansa.

"Yaya, taɓa nan."

"Ina da baƙi a sama."

"Taɓa dai. Wannan ba aikina ba ne. Na san abin da na ƙera, in an cire masa batir mutuwa yake yi. Sanyi ba ya zuwa haka kawai, Yaya, sai an ɗebe zafi daga wani wuri. Wannan daga ina yake ɗiba?"

"Kai dai ba ka san iyakar basirarka ba."

"Kada ka yi mini talla! Ni ba kwastoma ba ne, ƙanenka ne." Muryarsa ta karye. "Na ɗauki gawar Akawu. Na taɓa goshin Mama. Me ka yi?"

Darakta ya dubi agogo ya ce za su yi magana in baƙi sun tafi. Yana kan matakala ya waiwaya, ya ga Injiniya ya durƙusa ya zura kansa cikin akwatin, kamar mai sauraron wani abu. Ya ga haka, ya ci gaba da hawa.

Da ya sauko ya same shi a fili cikin rana, ya lulluɓa da kwalaye da buhuna, haƙoransa suna karo da juna. "Yana numfashi," yake ta faɗa. "Duk suna numfashi." Tun daga ranar bai ƙara haɗa waya da waya ba. Darakta ya kai shi ɗakin baya na gidansa ya ja ƙofa, ya sanar da ma'aikata cewa Injiniya ya tafi ƙaro ilimi.

Sai Lauya ta daina gardama. Wannan ne ya fara tsorata uwarta: a ce mata ci, ta ci; a ce kwanta, ta kwanta. Leɓunanta suka dushe, yatsunta suka yi sanyi ƙalau. Aka kwantar da ita a asibiti, aka yi gwaji iri-iri, likitoci suka ce ba su ga komai ba.

Darakta ya sa direba ya tsaya daga nesa, ya ƙarasa shagon sikeli da gudu.

"Ka ce masa ya fita. Na fasa."

Bokan yana gyaran wani sikeli, bai ɗago ba. "Ya zuba jarinsa, ya yi maka aiki. A naku kasuwancin ana korar abokin hulɗa don ya karɓi kasonsa?"

"Ba haka muka yi ba!"

"Kai ka ce shago da mota. Ni ban ce ba."

"To ya ɗauke ni, ya bar yarinyar."

"Kai ai ma'aikacinsa ne, ba kasonsa ba." Ya busa ƙura daga sikelin. "Amma yana karɓar canji. Ma'aikatanka da yawa. Ka zaunar masa da wani a kujerar, da bakinka, sai ya lafa wa yarinyar."

"Har yaushe?"

"Har ya sake jin yunwa."

Ina ma in ce muku Darakta ya tofa masa yawu ya fita. Bai yi ba. A mota ya riƙa bin fuskokin ma'aikatansa a ransa, yana auna wanda rashinsa ba zai yi ƙara ba. Idonsa ya tsaya a ƙeyar direbansa, dattijo mai furfura, wanda shi ke kai Lauya makaranta tun tana ƙarama.

Da suka isa ya ce ya biyo shi sama. Ɗakin taro ba kowa. Ya kwance igiyar da hannunsa.

"Baba, zauna nan. Ina son magana da kai."

"A kujerar kwastoma, yallaɓai? Ni?" Dattijon ya yi dariya, ya cire hula, ya kakkaɓe bayan wandonsa don kada ya ɓata matashin. "Yaya jikin 'yar tawa? Ni da tsohuwata kullum muna yi mata addu'a. Ka gaya mata motar ta yi shiru, ba mai yi mini musu." Ya juya baya ya fara sunkuyawa.

Darakta ya hankaɗe shi da duk ƙarfinsa, har dattijon ya faɗi ya bugi bango. Bai tsaya ba shi haƙuri ba. Ya kama kujerar, ya ji ta da nauyi kamar da mutum a kai, ya ja ta ƙiiii a kan matakala, ma'aikata suna kallo, taguwarsa ta yage, yana haki yana kuka. A fili ya kwarara mata fetur ya ƙyasta ashana. Wuta ta tashi sama, amma ba zafi. Waɗanda ke kusa sai rungume jiki suke yi. Tana cikin ci wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce. Kukanta kawai ya ji.

A yammacin nan duk wani firiji na kamfanin, a duk inda yake, ya mutu. Kifi ya ruɓe, madara ta lalace, nama ya yi tsutsa, ƙananan asibitocin da suka ajiye magani a ciki suka zubar. Matan da a da suke sa masa albarka suka zo da motoci suka jibge ruɓaɓɓen kaya a ƙofar ginin gilashi, har ƙuda ya rufe sunan kamfanin. Masu zuba jari suka janye. Kotu ta garƙame ginin, aka sayar da gidansa, aka sauke allunan talla. 'Yan jaridar da suka tafa masa su suka fi kowa iya zaginsa.

Ba wannan ya karya shi ba. Bayan an binne Lauya ya sami matarsa a ɗakin yarinyar tana ninke kayan makaranta. Ya zauna a ƙasa ya faɗa mata komai, tun daga labule har zuwa direba. Ba ta katse shi ba, ba ta daina ninkewa ba.

"Ranar da ka dawo daga wurin," ta ce, "ka shigo gidan nan ka ci abincina?"

"Na ci."

"Ta rugo ta tare ka a ƙofa?"

"Ta rugo."

"Ka shafa kanta?"

Ya gyaɗa kai.

"Da wane hannu?"

Ya dubi hannunsa na dama. Ta sa kayan makarantar a jaka ta miƙe. Ba ta zage shi ba, ba ta yi masa baki ba, ko kallonsa ba ta ƙara yi ba. Ya so a ce ta zage shi.

Yanzu yana wani ɗakin haya a bayan shagon wanki, shi da Injiniya. Ba ya neman aiki inda za a gane shi. Kaya yake saukewa daga manyan motoci, hula a kife har gira. Da safe yakan fito da ƙanensa ya zaunar da shi a inda rana ta fi bugawa, ya lulluɓe shi, ya yanke masa farce, ya ba shi abinci da cokali. Injiniya bai san shi ba. Yakan karɓi cokalin a hankali, ya dube shi da idon godiya ya ce:

"Malam, kana da kirki. Ka yi haƙuri da ni, yayana yana nan zuwa, zai saka maka. Babban mutum ne. Ba ya barin nasa."

Darakta ya ce, "To." Ya juya fuska ga bango har hawayen su tsaya, sannan ya ɗebo wani cokalin. Kullum sai ya ji wannan maganar, kullum kamar yau ya fara jin ta.

To, ku masu zafin nema, ku da kuke ganin ƙanƙantar farawa abin kunya ne, ku ji da kyau. Mutumin nan ba yunwa ta kai shi ba, ba ciwo ba, ba rashin basira a gidansu ba. Haɗama ce da gaggawa da son a tafa masa. Ku yi kasada da lokacinku, da guminku, da abin da kuka tara. In kun faɗi za ku tashi, kuma za ku iya kallon idon 'ya'yanku. Amma duk wanda ya yi muku tayin arzikin da ba ku san daga ina ake ɗebo shi ba, ku tashi ku gudu ko takalmi kada ku tsaya ɗauka. Daga jikin naku ake ɗebo shi. Kuma ba ku ake fara ɗauka ba. Ku ake bari da rai, ku gani.